Kurege a Silin: Guba Ba Ita Ce Mafita Ba

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, da zarar kaka ta yi an kawo gyaɗa da masara gida, sai magidanta da shugabannin makarantu su fara kukan wata dabba tana guje-guje a cikin silin, ko tana ɓarna a rumbu. Abin da aka saba shi ne a sayo maganin ɓera, ko a tura hayaƙi. A ganina duka biyun kuskure ne.

Da farko, sai mai gida ya san baƙonsa. Kuregen da muka sani a gona da tatsuniya, mai farin layi a haƙarƙari, wanda masana ke kira Xerus erythropus, a rami yake kwana, ba kasafai yake hawa sama ba. Mai shiga rufin ɗaki ɗan'uwansa ne na kan bishiya, wanda reshen mangwaro ko darbejiya ke zame masa gada. Dukansu da rana suke kiwo. Saboda haka motsin tsakar dare galibi na ɓera ne ko jemage, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin wani jinsin ɓera ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a Borno a 1969.

Ba na musun ɓarnar kurege. Yana tone irin gyaɗa bayan shuka, kuma da yake haƙoransa na gaba ba sa daina girma, dole ya yi ta gaigayar katako, har da wayar lantarki. Amma guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Dabbar takan mutu a lungun da hannu ba ya kaiwa, ta cika aji da wari. In kuwa a waje ta faɗi, kyanwa ko shaho su ci, ko yara su tsinta su gasa. Hayaƙi kuma, a ɗakin jinka lokacin hunturu, gobara ake gayyata.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a barbaɗa toka a bakin kafofin da ake zargi, sawu zai nuna wadda yake bi. A toshe sauran da ragar waya, a bar guda. Da hantsi, bayan ya fita kiwo, sai a leƙa da tocila. In akwai 'ya'ya a sheƙa a dakata har su iya bin uwarsu, in ba haka ba yunwa za ta kashe su a ciki. In babu, a rufe kafar, sannan a datse rassan da ke taɓa kwano.

Wanda ya ƙi fita a ɗana masa tarkon keji da gyaɗa, a riƙa dubawa safe da yamma, a sake shi a daji nesa da gonakin mutane. Kada ɗalibi ya kama shi da hannu, domin cizonsa yakan ruɓe. Kashin da ya bari a yayyafa masa ruwa kafin a share, a kuma rufe hanci.