A Gwada Farantin Sola a Ranar Babura Kafin a Saye Shi

Farantin sola na silikon yana asarar mafi yawan hasken da ya sauka a kansa. Shi ya sa masana suka haɗa ƙwayoyi biyu, wasu kuma suka ƙara siririn shafe mai rarraba hasken, kowane launi ya nufi ƙwayar da ta fi iya mayar da shi lantarki. A 2023 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 cikin ɗari da tagwayen ƙwayoyi.

Sai dai a ɗakin gwaji ake auna wannan bajinta, a zafin digiri 25. A Roni da Gwiwa zafin bazara yana haura 40, ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe gilashi. Manomin rani da zai ci bashi ya sayi famfon sola, shekarun da farantin zai yi ne damuwarsa.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure su ya kamata gwamnati ta bai wa kuɗin kafa filin gwaji, su auna kowane sabon faranti kafin ya shiga kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.