Katin 'Yan Ƙwallo: A Ƙwace Ko A Gyara?

Ya ku iyaye da 'yan'uwana malamai, ran nan na kama wani ɗalibina aljihu cike da katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda yara ke saye wajen masu tireda a nan Dutse. Rubutun jikinsu ba Hausa ba, ba Larabci ba, wani ma ko Turanci ba ne. Amma wallahi yaron nan ya haddace sunayen kaf, alhali Arba'una Hadisi ta gagare shi!

Matsalar ba a tarawar take ba, a wasan take: a jefa kati, wanda ya ci ya kwashe na ɗan'uwansa. Wannan caca ce komai ƙanƙantarta, kuma Allah ya hana ta cikin Suratul Ma'ida. Caca na cikin dalilan da suka sa malaman Saudiyya haramta katin Pokémon na Japan a 2001.

To amma ƙwacewa kaɗai ba magani ba ce, gobe zai sayo wasu. Ni dai kwali na yayyanka, kalmar Larabci a gaba, ma'anarta da ajami a baya. Wanda ya faɗi daidai a ba shi, ba a taɓa na kowa. Ku jarraba, ƙwaƙwalwar tana nan, hanya take nema.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.