Ina Irin Waƙar Rafi Da Lata A Yau?

Jiya a gidan biki a nan Gayam na ji wata waƙa daga lasifika, namiji shi kaɗai yana ta zuba wa kansa kirari, babu mai amsa masa. Sai na tuna lokacin da muke kewaye akwatin rediyo bayan isha'i, muna jiran Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar.

Ba mu jin Indiyanci, amma mun gane abin da ake yi: ya faɗa, ta amsa, wani ba ya danne muryar wani. Ai haka muke yi a gaɗa, mai bayarwa da 'yan amshi. Shi ya sa 'yan fim ɗin Kano suka ɗauki salon har ya kama gari.

Kada ku ɗauka kullum lafiya suke. A shekarun 1960 sun yi shekaru ba sa waƙa tare, saboda Lata ta dage mawaƙa su riƙa samun kasonsu daga cinikin faifai, Rafi ya ƙi. Daga baya suka shirya. Rafi ya rasu a 1980, Lata a 2022.

To, iyaye mata, shekarun tsoron daji sun raba yaranmu da dandali. Idan ba mu koya musu bayarwa da amshi ba, a ina 'ya mace za ta koyi cewa ita ma tana da baitinta a gidan miji? Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.