Laƙabin Da Ya Cuci Raymond Poulidor

Mutanen Faransa sun laƙaba wa Raymond Poulidor sunan "mai zuwa na biyu har abada", har sunansa ya zama karin magana a ƙasar game da duk wanda ya kusa kaiwa gaci amma ya faɗi a bakin ƙofa. Ko da yake da ƙauna suka yi masa wannan laƙabi, lalle ba a yi masa adalci ba.

An haife shi a 1936 a gidan manoma, a yankin Creuse. Ya shiga babban tseren keke na zagaya Faransa, watau Tour de France, sau 14 daga 1962 zuwa 1976. Ya zo na biyu sau 3, na uku sau 5, bai kuwa taɓa sa rigar nan ruwan ɗorawa ta jagaban tsere ba, ko da yini guda. Wannan kaɗai jama'a ke tunawa. Sun manta shi ne ya ci tseren Milan zuwa San Remo a 1961, ya zama zakaran Faransa a shekarar, sa'an nan ya cinye tseren zagaya Sifen a 1964.

A duba kuma su wa suka tare masa hanya. Farkon zamaninsa ya haɗu da Jacques Anquetil, ƙarshensa ya haɗu da Eddy Merckx na Beljiyam, kowannensu ya ci Tour sau 5. Wanda ya yi shekara 14 yana numfashi a ƙeyar irin waɗannan, har ya zo na uku yana ɗan shekara 40, ba a kiransa rago.

Sai dai masu ɗora kome a kan rashin sa'a su ma sun zarce. A 1964 aka ga ainihin rauninsa. Ran 12 ga Yuli, a hawan dutsen Puy de Dôme, shi da Anquetil suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya galabaita. Poulidor bai gane abokin hamayyarsa ya ƙare ba sai dab da ƙololuwa, ya tsere masa da sakan 42, alhali yana bukatar 56. Kafin wannan, a Monako, ya zuba dukan ƙarfinsa yana tsammanin an kai ƙarshe, ashe da sauran zagaye guda, Anquetil ya wuce ya kwashe garaɓasar minti 1. Da aka isa Paris, sakan 55 ne tsakaninsu. Ƙafa ba ta gaza ba, lissafi ne ya kuɓuce, Anquetil kuwa a nan ya fi kowa.

Poulidor ya rasu a Nuwamba 2019. A 2021 jikansa, Mathieu van der Poel na Holan, ya ci zango na biyu na Tour, ya sa rigar ruwan ɗorawa har kwana 6.