Ina Rifkatu, ina Lai'atu?

Bahaushe ya ce suna linzami ne. To, duk malamin da ya buɗe takardar kiran suna a lakwal ɗin Arlit ko Akokan zai ga inda linzamin ya karkata. Zai kira Grâce da Bénédicte har ya gaji, amma da ƙyar ya ci karo da Rifkatu, Lai'atu ko Dinatu. Alhali waɗannan sunaye suna cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassara shi tun 1932. Da irinsu Kiristocin ƙasar Maradi da Damagaram suka raɗa wa ƴaƴansu mata suna, kafin aikin yuraniyom ya jawo iyalai arewa, lokacin da Somaïr ta soma haƙa a 1971, Cominak kuma a 1978.

Masu kare wannan sauyi suna cewa labarin masu sunan ne ya kore su. A kan Yezebel, matar sarki Ahab mai kisan annabawa, maganarsu dutse ce: babu uban da zai ɗora wa ɗiyarsa wannan kaya. Amma Dinatu fa? Ita aka yi wa fyaɗe a Shekem. Gudun sunanta hukunci ne a kan wadda aka zalunta. Lai'atu kuwa laifinta guda: miji ya fi son ƙanwarta Rahila. Rifkatu ita ce budurwar da ta ja ruwa ta shayar da raƙuman baƙo guda goma. A ƙasar Abzin, inda rijiya take rai, wane suna ya fi wannan daraja?

Ainihin dalilin yana wani wuri. A garin da kamfani ya kafa, albashi da Faransanci yake magana. Uba ya ga Rébecca ta fi Rifkatu shiga ofis, sai ya rubuta hakan a takardar haihuwa. Mutuniyar ɗaya ce, lafazin Hausa kawai aka ji kunya. Malamai ma suna da nasu kason, domin wanda ya bar aji ya yi wa suna dariyar ƙauyanci ya taya kashe shi.

Asarar ta wuce gidan Kirista. Saratu, Hajara, Hannatu da Maryama sunaye ne da ake kira a masallaci da majami'a da baki ɗaya. Idan ɓangare guda ya ƙaurace wa nasa lafazin, sai suna ya koma shinge, tun daga ƙofar aji a gane addinin yarinya. Ƙasar da ta ga ƙona majami'u a Zinder da Yamai a 2015 ba ta bukatar ƙarin shinge.

A 2025 Nijar ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Ƙungiyoyin al'adu su fara daga nan: su tattara sunayen nan da labarinsu daga bakin tsofaffi tun suna raye, malamai kuma su kira kowace yarinya yadda kakarta take kiran ta.