Hologiram mai cikakken launi: Sabon ado ga ɗaki, sabuwar jarrabawa ga ido

Duk wanda ya taɓa karkata katin cirar kuɗi ya ga wani ɗan tambari mai walƙiya yana sauya launi, to ya ga hologiram. Shekaru da dama wannan walƙiya tana matsayin shaida a idon jama'a: idan tana jikin kaya, ana ɗauka na ainihi ne. Yanzu fasahar ta kai matakin da ake buga hoton da ke nuna abu da zurfinsa da launinsa na gaskiya, kuma masu sana'ar sun fara hangen bangon ɗaki da gidajen tarihi da kwalayen kaya. Wannan ci gaba yana da riba, amma yana da farashin da talaka ne zai fara biya.

Dennis Gabor, ɗan asalin Hungari da ke aiki a Ingila, shi ya gano dabarar a 1947, aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Bambancinta da hoton da muka sani shi ne, kyamara tana adana ƙarfin haske ne kawai, shi kuwa hologiram yana adana har da yadda igiyoyin haske suka haɗu bayan sun taso daga jikin abu. Shi ya sa idan mutum ya gusa gefe sai ya ga wani ɓangare na abin, kamar yana leƙe ta taga. Dabarar ba ta yi tasiri sosai ba sai bayan ƙirƙiro hasken leza a 1960. A 1968 Stephen Benton na kamfanin Polaroid ya fito da nau'in da ake gani da hasken yau da kullum, wanda daga baya ya hau katunan Mastercard da Visa a farkon shekarun 1980.

Sai dai launukan wannan nau'i na bakan gizo ne, suna canzawa da motsin hannu, ba su da alaƙa da launin abin da aka ɗauka. Domin samun launi na gaskiya, ana haɗa leza uku, ja da kore da shuɗi, a kan faranti mai ƙwayoyin sinadarin azurfa ƙanana ƙwarai. Na'urar tana rubuta hoton ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo ɗauke da yadda abin yake daga kusurwoyi masu yawa. A 2019 Yves Gentet na Faransa da abokan aikinsa suka bayyana wata na'ura mai suna Chimera, wadda ke amfani da leza marasa tsananin ƙarfi da ake samu a kasuwa. Muhimmancin wannan shi ne raguwar tsada, domin a da irin wannan aiki sai manyan ɗakunan bincike.

Amfanin ado a bayyane yake. Tun a 1972 mai zane Salvador Dalí ya baje hologiram a birnin New York. An kuma yi kwafin hologiram na ƙwayayen ado na Fabergé da ke gidan tarihi a St. Petersburg, ta yadda za a iya nuna su a wani gari ba tare da an motsa na ainihin ba. Ana iya yin haka da sassaƙen Nok ko kayan sarauta masu rauni, yaro a makarantar ƙauye ya ga siffarsu ba tare da tafiya ba. Amma a nan akwai abin lura. Lokacin da Jamus ta miƙa wa Najeriya wasu daga cikin tagullan Benin a Abuja cikin Disamban 2022, abin da aka yi shekaru ana nema shi ne kayan kansu. Kada kyawun kwafi ya zama hujjar masu riƙe da sauran su aiko da haske su ajiye tagulla.

Fasahar tana da iyaka kuma. Hologiram na bango yana buƙatar fitila ɗaya tilo da ke haska shi daga kusurwar da aka tsara. Idan haske ya watsu ko'ina, hoton sai ya dushe. Bugawar tana cin lokaci, farantin ma ba arha ba ne. Saboda haka otal-otal da shagunan gwal da manyan ofisoshi ne za su riga gidajen jama'a.

Babbar damuwar tana kasuwa. Darajar hologiram a matsayin shaida ta dogara ne da wahalar yin sa. Tuni takardun manne masu walƙiya suka cika kwalayen caja da turare da man shafawa, har da na jabu, kuma mai saye ba ya iya bambance tambarin tsaro da kwalliyar banza. Idan bugun ya ƙara sauƙi, ruɗanin zai ƙaru. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage gani kaɗai ya daina wadatarwa. Hukumar NAFDAC ta fahimci haka, shi ya sa tun 2010 ta ɓullo da tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon waya domin tantancewa.

Abin da ya kamata shi ne a raba biyun tun yanzu, tun ran gini ran zane. Masu ɗab'i da masu zane su koyi sana'ar su ci moriyarta a matsayin ado. Hukumomi da kamfanoni kuwa su daina gabatar da walƙiya ita kaɗai a matsayin tabbaci, su haɗa ta da lambar da kowa zai iya bincikawa da wayarsa, su kuma bayyana hakan a harsunan da mutane ke ji. Uwar da ta je sayen maganin zazzaɓin ɗanta tana buƙatar ta san cewa kwali mai ƙyalli kwali ne kawai, har sai lamba ta tabbatar da abin da ke ciki.