Fadar Yamai: gidan gwamna da ya koma hannun soji

A Tukunus, cikin ƙasar Kurfai, aka haifi Janar Abdourahamane Tiani. Shi ya sa mutanen Filinge ke bin labarin fadar shugaban ƙasa kamar na cikin gida.

Turawan Faransa ne suka gina ta a bakin kogi domin gwamnansu, bayan an maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Diori Hamani ya gaje ta a 1960. A juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 aka kashe matarsa Aïssa a fadar. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kutsa suka kama Tandja Mamadou. Ranar 26 ga Yuli 2023 kuma, dakarun tsaron fadar, waɗanda Tiani ke jagoranta tun 2011, suka tsare Mohamed Bazoum a harabarta.

A 1974 da 2010 daga bariki aka zo. A 2023 masu gadin ne suka rufe ƙofa. Wannan darasi ne ga duk mai mulki, har Tiani kansa: wanda ke riƙe da ƙofar fadar ya fi wanda ke zaune a ciki ƙarfi.